Yadda ake ƙiyasta kason kasuwa daga abin da masu saye suka fi so

A ce kana da ɗan injin casa a Kura, ka sayi na'urar cire tsakuwa, ka buga buhu mai ɗauke da sunanka. Yanzu kana son sanin buhu nawa za ka iya sayarwa a wata kafin ka zuba kuɗi a shanshera. Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su ɗebi kwano guda su zagaya dangi da abokan arziki suna tambaya, "Idan na kawo wannan kasuwa za ku saya?" Kowa zai ce in sha Allahu, ai ta yi kyau. Wannan amsa kara ce, kuma kara ba ta sayen buhu. Wanda ya gina lissafinsa a kanta ya yi cinikin biri a sama.

Akwai hanyar da ta fi wannan, kuma ba ta buƙatar komai sai takarda, biro da kalkuletar waya. Sunanta AHP, taƙaitaccen sunan Turanci na Analytic Hierarchy Process, wato hanyar auna zaɓi ta kwatanta abubuwa biyu-biyu. Wanda ya ƙirƙiro ta shi ne Thomas Saaty, masanin lissafi haifaffen Mosul ta Iraƙi, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Pittsburgh da ke Amurka. Ya tsara ta a shekarun 1970, ya rasu a 2017. Tushenta abu ne mai sauƙi: ɗan Adam ba ya iya auna abu goma a kansa lokaci guda, amma idan ka ajiye masa abu biyu ka ce wanne ya fi, kuma da yaya ya fi, zai ba ka amsa mai ma'ana. Daga waɗannan ƙananan amsoshi ake haɗa babban lissafi. Saaty da ɗalibansa sun gwada faɗaɗɗen nau'in tsarin, wanda ake kira ANP, wajen ƙiyasta kason kasuwar kamfanonin sayar da abinci na Amurka, McDonald's da Burger King da Wendy's, suna kwatanta abin da lissafi ya bayar da ainihin cinikin kamfanonin.

Duk lambobin da zan kawo a misalin shinkafa na ƙasa ni na zaɓe su domin koyarwa. Naka za su fito ne daga bakin masu sayenka.

Mataki na farko: shata iyakar kasuwar

Kada ka ce "kasuwar shinkafa ta Kano". Ta yi maka girma, kuma mai sari a Singer ko Dawanau ba abin da yake dubawa ɗaya ba ne da magidancin da ke awon kwano biyu a bakin layi. Ka ce: shinkafar da ake sayarwa a shaguna da teburan awo na unguwanni uku da motata za ta iya kai wa kaya. Sai ka rubuta abokan hamayyarka na gaskiya a wannan yanki. A misalinmu uku ne: taka, da 'yar gwamnati ta manyan kamfanoni, da 'yar Hausa ta awo. Idan ka manta da wani babban abokin hamayya, kason da ya kamata ya ci zai rabu a kan sauran, kowa ya fito da ƙiba ta ƙarya, har da kai.

Mataki na biyu: samo ma'aunan daga bakin masu dafawa

A nan mai kaya yakan yaudari kansa. Kai abin da ke ranka shi ne injin da ka saya da kyawun buhunka. Matar da za ta dafa kuwa, abin da ta sani shi ne ko sai ta zauna da ƙwarya biyu tana rege shinkafa kafin ta ɗora, ko kuwa wankewa ɗaya ta isa. Ta san idan ta zuba gwangwani huɗu tukunya za ta cika ko ba za ta cika ba. Ta san ranar da maigida ya tauna tsakuwa ya ajiye cokali. Saboda haka kafin ka rubuta ma'auni ko ɗaya, ka zauna da mutum goma ko sha biyu, masu cefane da masu girki da masu sayar da abinci, ka tambaye su shinkafar da suka saya ta ƙarshe da dalilin da ya sa ita suka ɗauka. Idan kai namiji ne, ka nemi 'yar'uwa ko matarka ta shiga gidaje ta yi wannan hira, don a zaure rabin labari kawai za ka ji.

Kalmomin da suka yi ta maimaituwa su ne ma'aunanka. Ka haɗe masu ma'ana ɗaya: "ba tsakuwa" da "ba ƙura" da "ba sai an tsince ba" duk tsabta ce. Idan ka bar su daban-daban ka ƙirga abu ɗaya sau uku. Kada su wuce shida ko bakwai, domin tambayoyin suna hauhawa da sauri: ma'auni uku tambaya uku ne, huɗu tambaya shida, bakwai tambaya 21. Babu mai tsaya maka a bakin shago ya amsa 21 da zuciya ɗaya. Mu za mu ɗauki uku: farashi, tsabta, auki.

Abu ɗaya kada ka sa a ciki: samuwar kaya a shago. Tana da muhimmanci ƙwarai, amma wurinta daban ne, za mu zo kanta.

Mataki na uku: tambaya biyu-biyu

Saaty ya yi amfani da mizani daga 1 zuwa 9. Lamba 1 na nufin abubuwan biyu daidai suke. 3, ɗaya ya ɗan fi. 5, ya fi sosai. 7, ya fi nesa ba kusa ba. 9, babu ma haɗi. Lambobin 2, 4, 6 da 8 na tsaka-tsaki ne. Kada ka karanta wa mai amsa lambobi. Ka tambaye shi da Hausa, kai ka mayar lamba a takardarka.

Tambayar takan zo kashi biyu. "Hajiya, idan za ki sayi shinkafa, tsakanin sauƙin kuɗi da rashin tsakuwa wanne kika fi dubawa?" Ta ce sauƙin kuɗi. "To ya fi da kaɗan ne, ko sosai, ko kuwa ba a ma haɗa su?" Ta ce da ɗan kaɗan dai. Ka rubuta 2 ko 3.

A ce amsoshinta sun zo haka: farashi ya fi tsabta da 2, farashi ya fi auki da 3, tsabta ta fi auki da 2. Sai ka zana jadawali mai layi uku da ginshiƙi uku. Inda abu ya haɗu da kansa ka sa 1. Inda ka juya tambayar ka sa kishiyar lambar, wato idan farashi a kan tsabta 2 ne, tsabta a kan farashi 1/2 ne.

Layin farashi: 1, 2, 3
Layin tsabta: 1/2, 1, 2
Layin auki: 1/3, 1/2, 1

Mataki na huɗu: fitar da nauyin kowane ma'auni

Ka tara kowane ginshiƙi daga sama zuwa ƙasa. Na farko ya ba da 1.833, na biyu 3.5, na uku 6. Sai ka raba kowace lamba da jimillar ginshiƙinta. Layin farashi ya koma 0.545, 0.571, 0.500. Layin tsabta 0.273, 0.286, 0.333. Layin auki 0.182, 0.143, 0.167. Yanzu ka tara kowane layi ka raba uku. Farashi ya samu 0.539, tsabta 0.297, auki 0.164. A taƙaice, cikin ɗari farashi na da 54, tsabta 30, auki 16. Idan ka tara nauyin bai ba ka 1 ba, akwai kuskure a wani wuri, ka koma.

Wannan hanyar gajeriya ce. Manhajojin da aka gina don AHP suna bin lissafi mai zurfi, amma a ƙaramin jadawali mai amsoshi masu jituwa bambancin ba ya taka kara ya karya. Excel ko Google Sheets sun ishe ka.

Mataki na biyar: duba ko amsoshin sun ci karo da juna

Wannan shi ne abin da ya fi burge ni a tsarin, kuma shi ne abin da mutane suka fi tsallakewa. Mutum zai iya ce maka farashi ya fi tsabta, tsabta ta fi auki, sannan ya ce auki ya fi farashi. Ba ƙarya yake ba, ko dai ya gaji, ko bai fahimci tambayar ba, ko yana son ya sallame ka. Tsarin yana da hanyar kama wannan.

Ka ninka jimillar kowane ginshiƙi da nauyin ma'auninsa, ka tara: 1.833 sau 0.539, da 3.5 sau 0.297, da 6 sau 0.164. Ya ba da kimanin 3.01. Ka cire yawan ma'aunai, wato 3, saura 0.01. Ka raba da yawan ma'aunai ban da ɗaya, wato 2, ka samu 0.005. Daga nan ka raba da wata lamba da Saaty ya fitar daga jadawalan da aka cike da ka: 0.58 idan abubuwa uku ne, 0.90 idan huɗu ne, 1.12 idan biyar ne. Namu ya fito wajen 0.01. Ƙa'idar ita ce kada ya wuce 0.10. Idan ya wuce, ka koma wurin mai amsar ka nuna masa inda maganganunsa suka saɓa, ya gyara da kansa. Kada ka gyara masa a ɗaki. Idan ba za ka same shi ba, ka ajiye takardarsa gefe.

Mataki na shida: gwada kayan da kansu

Yanzu irin wannan tambaya ta biyu-biyu za ka yi, amma tsakanin shinkafofin uku, a ƙarƙashin kowane ma'auni. A nan gani ya kori ji. Ka zuba kowace a faranti iri ɗaya, ba buhu, ba suna, ka sa musu alama da kai kaɗai ka sani. A bar mutum ya damƙa, ya watsa a tafin hannu, ya duba tsakuwa da baƙin ƙwaya da karyayya. Don auki kuwa, a dafa gwangwani ɗaya na kowace a tukwane iri ɗaya, a juye a gaban mutane. Kuma kada mai amsa ya san wacce ce taka, in ba haka ba kara za ta dawo ta taga. Farashi kaɗai za ka faɗa a fili, kuɗin kwano na ranar.

Bayan lissafi irin na mataki na huɗu, a ce ka samu haka. A farashi: taka 0.30, 'yar gwamnati 0.16, 'yar Hausa 0.54. A tsabta: taka 0.30, 'yar gwamnati 0.60, 'yar Hausa 0.10. A auki: taka 0.40, 'yar gwamnati 0.40, 'yar Hausa 0.20.

Sai ka ninka kowane maki da nauyin ma'auninsa ka tara. Taka: 0.54 sau 0.30, da 0.30 sau 0.30, da 0.16 sau 0.40, jimilla 0.316. 'Yar gwamnati ta tashi da 0.330, 'yar Hausa 0.354. Wato kusan 32 da 33 da 35 cikin ɗari.

Mutum nawa za a tambaya, kuma yaya ake haɗa amsoshinsu

Mutum ɗaya ba kasuwa ba ne. Ni shawarata ka raba masu saye rukuni-rukuni, ka nemi kamar mutum talatin a kowane rukuni idan hali ya yi: masu awon kwano, masu sayen buhu na wata, da masu sayar da abinci. Ka yi lissafin kowane rukuni daban, domin mai tuwo-tuwo za ta iya fifita auki a kan komai, shi ne ribarta, alhali ma'aikacin da ke sayen buhu ya fi damuwa da tsabta.

Wajen haɗa amsoshin mutane a tambaya guda, kada ka tara ka raba kamar yadda aka saba. Duba dalili. Wani ya ce farashi ya fi tsabta da 3, wani ya ce tsabta ta fi farashi da 3, wato 1/3. Hankali ya nuna sun yi canjaras, amsar 1 ce. Amma idan ka tara 3 da 1/3 ka raba biyu za ka samu 1.67, ka ba farashi nasarar da bai ci ba. Abin da ake yi shi ne a ninka amsoshin, sannan a ɗauki saiwar da ta dace da yawan mutanen (ga mutum biyu, saiwa ita ce lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan sakamako): 3 sau 1/3 ya ba da 1, saiwarsa 1. A Excel umarnin GEOMEAN yana yin wannan nan take.

Sannan ka auna rukunan da yawan abin da suke saye, ba da yawan kawunansu ba. Mai abinci ɗaya da ke ƙarar da buhu cikin 'yan kwanaki ta fi gidaje da dama nauyi a kasuwa. Idan masu shago sun gaya maka rabin shinkafarsu masu abinci ke kwashewa, to sakamakon wannan rukuni rabin lissafin zai ɗauka, ko da su ne mafi ƙaranci a cikin waɗanda ka tambaya.

Mataki na bakwai: daga so zuwa saye

Wanda ya tsaya a 32 cikin ɗari ya je ya ciwo bashi a kanta, zai sha wuya. Wannan lamba tana faɗa maka abin da zai faru ne idan kowa ya san shinkafarka kuma tana nan a kowane shago. A ranar gwaji ka ajiye ta a gaban mutum. A rayuwa kuwa yaro ake aika da kuɗi, ya je shagon da ke kusa, ya karɓo abin da ya tarar.

Don haka kana buƙatar lambobi biyu ga kowane kaya. Na farko, cikin masu saye nawa ne suka san da shi. Na biyu, cikin shaguna nawa ake samunsa. Na biyun da ƙafa ake samo shi: ka zagaya ka ƙirga, kana ba manyan shaguna nauyin da ya dace da cinikinsu. A ce rabin mutane ne suka san taka, kuma tana cikin shaguna 40 cikin ɗari. 0.5 sau 0.4 ya ba da 0.2. 'Yar gwamnati kowa ya san ta, tana cikin shaguna 90 cikin ɗari, wato 0.9. 'Yar Hausa ko'ina akwai ta, wato 1.

Ka ninka: taka 0.316 sau 0.2 ya zama 0.063. 'Yar gwamnati 0.297. 'Yar Hausa 0.354. Jimilla 0.714. Ka raba kowace da wannan jimilla. Taka ta koma 8.8 cikin ɗari, 'yar gwamnati 41.6, 'yar Hausa 49.6. Idan binciken shagunan ya nuna yankin na shan buhu 1,000 a wata, rabonka buhu 88 ne, ba 316 ba.

Daga nan ne lissafin ke fara biyan wahalar da aka sha a kansa, domin za ka iya tambayarsa "idan fa?" Idan ka karya farashi har makinka a wannan ma'auni ya tashi daga 0.30 zuwa 0.40, 'yar gwamnati ta sauka 0.14, 'yar Hausa 0.46, kasonka zai tashi zuwa kusan 11 cikin ɗari kawai, ga kuma ribar da ka yanke a kowane buhu. Idan kuwa ka bar farashi yadda yake, ka yi aiki har mutum 75 cikin ɗari suka san kayan, ya shiga shaguna 80 cikin ɗari, kasonka zai kai wajen 23. A wannan misali kuɗin da za a zubar wajen rage farashi gara a sa su a man mota, da ɗanɗano kyauta, da ba masu shago kaya su sayar su kawo kuɗi. A naka lissafin amsar na iya zuwa akasin haka, shi ya sa ake yin sa.

Mataki na takwas: gwada ma'aunin kafin ka dogara da shi

Ka cire shinkafarka daga lissafin gaba ɗaya, ka bar tsofaffin biyu, ka ga kason da tsarin ya ba su. Sannan ka je wurin masu shago goma ko ashirin ka tambaye su, cikin buhu goma da suka sayar makon jiya nawa ne 'yar gwamnati, nawa 'yar Hausa. Idan lissafinka ya ce 46 da 54, masu shago suka ce wajen rabi da rabi, kana kan hanya. Idan suka ce 20 da 80, akwai ma'aunin da ka manta ko rukunin da ba ka tambaya ba. Sau da yawa abin da aka manta shi ne bashi: mutum na ɗaukar abin da mai shagon da ke ɗaga masa ƙafa yake sayarwa, ko da ba shi ya fi so ba. Wani lokacin kuma sabo ne, ko ɗanɗanon da aka tashi da shi.

Irin wannan gwaji shi ya ɗaga darajar aikin Daniel McFadden, masanin tattalin arziki na Amurka da ya samu kyautar Nobel a 2000. Hanyarsa ta lissafi daban ce da ta Saaty, amma manufar ɗaya ce, a hango kaso daga zaɓin ɗaiɗaikun mutane. Kafin jirgin ƙasa na BART ya kankama a yankin San Francisco, hasashen hukuma ya ce kimanin 15 cikin ɗari na masu zuwa aiki za su hau shi. Lissafin McFadden, wanda aka gina a kan bayanan matafiya, ya ce 6.3. Da aka ƙirga a 1975 sai aka samu 6.2.

Akwai rauni ɗaya da ya kamata ka sani tun yanzu. Rabon kaso ta wannan hanya yana ɗauka cewa sabon kaya zai ci daga kowa daidai gwargwadon girmansa. A zahiri kaya yakan fi cin kason wanda ya yi kama da shi. Idan maƙwabcinka a Kura ya fito da shinkafa irin taka sak, ba daga 'yar gwamnati zai fi ɗiba ba, daga wurinka zai ɗiba. Maganin shi ne ka haɗa masu kama da juna a gida ɗaya, ka fara ƙiyasta kason gidan gaba ɗaya, daga baya ka raba shi tsakaninsu.

Kuma nauyin ma'aunai ba ya zama wuri ɗaya. Da kaka, lokacin da sabuwar shinkafa ta shigo kuma kuɗinta ya sauka, mutane sukan sassauta a kan farashi. Da bazara zuwa tsakiyar damina, kaya ya yi tsada, farashi yakan danne sauran. Gab da azumi da salla da lokacin bukukuwa ma zaɓi yana canzawa. Ka rubuta ranar da ka yi tambayoyin da kuɗin kwano na wannan rana a saman kowace takarda, ka adana su. Bayan wata uku ko huɗu ka sake zagayawa da tambayoyi uku na ma'aunai kawai, ka sake ƙirga shagunan da kayanka ya shiga, ka ajiye sabon ƙiyasin kusa da littafin cinikinka ka ga tazarar da ke tsakaninsu.